Nazarin Lamari: Malamin Gona da Darasin Adana Wake, Daga Rubutun da Ya Rikice Zuwa Muryar da Aka Ji

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa malamin gona ne a wata ƙaramar hukuma ta jihar Jigawa. Ya haura shekara 20 yana aikin, kuma ƙauyukan da ke hannunsa sun fi ƙarfin mutum ɗaya da babur ɗaya. Idan kaka ta kawo kai, abin da ya fi cin lokacinsa shi ne koya wa manoma, da ƙungiyoyin mata masu sayen wake su ajiye, yadda ake amfani da buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS.

Buhun ya fito ne daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka, an kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ce mai kauri a ciki, sai saƙaƙƙen buhu a waje. Idan an cika shi da busasshen wake, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki sai ya shanye ɗan iskar da ta rage ya mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Zancen magani kuwa babba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, alhali Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bin ta.

Sai dai buhun ba ya yafe kuskure. Huji kamar na allura a jikin leda, ko ɗauri sako-sako, ko waken da bai gama bushewa ba, kowane ɗaya ya isa ya ɓata ajiyar wata shida. Dole a koyar da matakan daki-daki, kuma a koyar da su cikin 'yan makonnin da ke tsakanin roron wake da kai shi rumbu. Shi ya sa Malam ya yanke shawarar haɗa darasin a kwamfuta, da hoto da rubutu da muryarsa, yadda mataimakinsa zai riƙa haska shi da majigi a ƙauyukan da shi bai samu zuwa ba.

Kayan aikinsa su ne tsohuwar kwamfutar ofis mai ɗauke da PowerPoint 2007, da wayarsa ta Android, da wata takardar bayani mai shafi 4 da aka buga masa a shagon buga takardu shekarun baya. Majigi da kwamfutar da za a haska da ita aro ne. Ni malamin kwamfuta ne a wata cibiya a garin, kuma na shigo maganar ne bayan nunin farko. Abin da ya gabaci wannan, daga bakinsa na ji, sannan na gani da idona a cikin fayil ɗin.

Makon farko na Oktoba: ginin farko

Malam ya yi shafi 22 cikin dare huɗu. Ya kwaso takardar bayanin nan sakin layi bayan sakin layi ya zuba a shafukan, a girman rubutu 18, wani shafin har layi 9. Kanun kowane shafi ya sa shi da wani zubin haruffa na ado mai kama da rubutun katin biki, ja a kan kore. Hotunan kuwa masu kyau ne, shi ya ɗauke su da kansa a gidajen manoma, amma rubutu ya ture su zuwa lungu.

Murya kuma ta hanyar da ya saba ya bi. Ya buɗe WhatsApp ya riƙa tura wa kansa saƙon murya, ɗaya ga kowane shafi, yana karanta abin da ke rubuce kalma da kalma. Wasu a ofis ya ɗauke su, ɗakin siminti mai rufin kwano, wasu a gida injin janareta na aiki a bayan taga. Jimillarsu minti 14. Da ya zo sa su a shafukan sai manhajar ta ƙi karɓa, domin saƙon muryar WhatsApp yana zuwa ne a tsarin da ake kira opus, wanda PowerPoint bai san da shi ba. Wani yaro a shagon buga takardu ya juya masa su zuwa MP3. Suka shiga, alamar lasifika ta fito a kowane shafi, ya latsa ya ji muryarsa. Ya ƙara da wani kiɗa da zai riƙa tafiya a ƙarƙashi tun daga farko har ƙarshe. Ya kwafi fayil ɗin shi kaɗai a filas, ya kwanta da farin ciki.

Daren nunin farko

Bayan sallar isha'i, a ƙofar gidan mai unguwa, aka rataya farin zanin gado a jikin katanga. Maza a gaba kan tabarmi, mata daga gefe. Shafin farko ya fito.

Inda aka rubuta ƙasa, sai ga }asa. Inda aka rubuta ɗaure, sai ga ]aure. Kalmar ɓata ta koma ~ata. A kanun shafukan kuma, duk inda harafi mai ƙugiya yake sai ya fito da siffa daban da ta 'yan uwansa, kamar baƙo a sahu. Wani dattijo da ya yi yaƙi da jahilci ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan rubutun na wace ƙasa ne?"

Malam ya latsa alamar lasifika. Shiru. Ya wuce shafi na biyu ya latsa, shiru. Kiɗan ma bai tashi ba. Aka duba waya, aka canza lasifika, aka kunna wata waƙa daga kwamfutar ta fito tangaram, aka dawo kan darasin, babu ko tari. Daga ƙarshe ya tsaya gefen zanin ya yi bayanin da bakinsa kamar yadda ya saba, ya kuma yi shi da kyau, amma abin da ya kwana huɗu yana ginawa bai ɗauke masa komai ba.

Washegari da hantsi ya zo cibiyarmu da filas ɗin a aljihu. Dalilan biyu ba su yi wuyar ganowa ba.

Na farko, takardar bayanin an buga ta ne da irin zubin haruffan Hausa na da. Kafin tsarin Unicode ya wadata a kwamfutoci, masu kishin harshen sun ƙera zubi na musamman inda aka zana ƙ a gurbin alamar }, aka zana ɗ a gurbin ], aka zana ɓ a gurbin ~. Dabara ce da ta yi wa Hausa hidima ƙwarai, littattafai da jaridu da yawa da ita aka buga su. Amma abin da kwamfuta ke ajiyewa a cikinta alamar nan ce, zubin riga ce kawai da ake sa mata. Kwamfutar ofis tana da rigar, ta aro ba ta da ita.

Na biyu, PowerPoint 2007 ba ya haɗiye fayil ɗin MP3 a cikin darasi. Adireshin inda fayil ɗin yake kawai yake riƙewa. Abin da yake haɗiyewa shi ne sauti na tsarin WAV, shi ma idan bai wuce kilobait 100 ba, sai dai in mutum ya ɗaga iyakar da kansa. Muryoyin 22 da kiɗan suna nan zaune a foldar kwamfutar ofis, ba su taɓa hawa filas ɗin ba.

Mako na biyu da na uku: gyaran gaggawa

Lokaci ya ƙure, an riga an sanar da wani ƙauyen, don haka muka bi gajeriyar hanya. Da ni aka yi wannan shawarar.

A ɓangaren rubutu, Malam ya ce a cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, ai haka kowa ke rubutu a waya kuma ana ganewa. Aka mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. A ɓangaren sauti, muka juya muryoyin zuwa WAV, muka ɗaga iyakar manhajar zuwa ƙarshenta, wato kilobait 50,000 ga kowane fayil, muka sake sa su ɗaya bayan ɗaya.

Sautin WAV mai hanya biyu, a ingancin faifan CD, yana cin kusan megabait 10 a kowane minti. Minti 14 ya ba mu megabait 140, ban da kiɗa da hotuna. Nauyin ya ƙaru amma muryar ba ta ƙara kyau ba, tunda asalinta matsattsen saƙon WhatsApp ne. Kunu in ya yi ruwa, juye shi a babbar ƙwarya ba ya sa shi kauri.

An yi nuni na biyu a ajin wata makarantar firamare, ina zaune a bencin baya. Wannan karon murya ta fito, ga kuma abin da na rubuta a takardata a daren:

Kwamfutar aro tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe darasin, ta kuma tsaya cak sau biyu a tsakiya. Kowace murya sai an latsa alamarta take tashi, mataimakin yana ta lalube da linzamin kwamfuta a cikin duhu, mutane na jira. Shafukan da aka ɗauka a ofis suna da amsa-kuwwa, kamar mai magana daga cikin randa. Na gida kuma ƙugin janareta na bin su. Shafi na 7 a hankali ƙwarai har an ƙure lasifika, na 8 ya zo da ƙarfi har wani jariri ya farka da kuka. Kiɗan ya danne ƙarshen jimloli, inda muryar Malam ke sauka. Daga bencin baya ba a iya karanta girman 18, ja a kan kore kuwa a jikin bango mai ƙura ya zama launi ɗaya.

Sai batun ƙugiya. A shafi na 15 an rubuta "A daure sosai". Wani saurayi a gaba ya karanta da ƙarfi yadda yake a rubuce, daure irin na haƙuri, aka yi dariya, hankalin ajin ya bar ɗaurin leda, wanda shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci. A shafi na 18, "Kada a ajiye a kasa" ta sa mai karatu a hankali ya tsaya yana juya kalmar, kafin ya gano ƙasa ake nufi murya ta yi nisa. Wanda ya ƙware a karatu yana cike ƙugiyar da kansa ba tare da ya lura ba. Wanda ke haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gani shi yake furtawa.

Akwai abu na ƙarshe da na lura da shi, wanda ya fi sauran damuna. Masu iya karatu sun duƙufa kan rubutun, sun riga muryar gamawa ko sun makara a bayanta. Waɗanda ba sa karatu, kuma su ne suka fi yawa, suna kallon bango cike da baƙaƙe da ɗan hoto a lungu. Bayan an tashi aka ba mata uku buhu su gwada. Biyu suka haɗa ledojin biyu suka ɗaure su wuri ɗaya. An gudu ba a tsira ba.

Makon ƙarshe na Oktoba: an koma tushe

Muka ajiye kwamfuta kwana biyu. Malam ya ɗauki biro da takarda, na ce masa, "Malam, a ce kana tsakar gidan wata baiwar Allah, buhu a hannunka, me za ka ce mata, kuma me za ka nuna mata?" Abin da ya fito matakai 7 ne: a tabbatar wake ya bushe, a sheƙe shi a tsince, a duba ledoji ko da huji, a jera su cikin juna a zuba waken, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban sannan buhun waje, a ajiye a kan katako nesa da bango da ɓera. Da shafin buɗewa da na rufewa, shafi 9 ke nan a maimakon 22. Tarihin buhun da sunayen ƙwari da sauran abin da ke takardar bayani duk aka bar su a takardar.

Aikin ya dawo kwamfutar cibiyarmu mai PowerPoint 2016. Tun daga fitowar 2010 manhajar take haɗiye sauti a cikin darasi da kanta, don haka matsalar adireshi ta kau.

Rubutu ya koma kalma 3 zuwa 5 a shafi, a girman 54, baƙi a kan fari, a ƙasan hoton da ya cika shafin. "Wake ya bushe ƙayau." "Duba leda, babu huji." "Ɗaure kowace leda daban." Haruffa masu ƙugiya suka dawo, wannan karon na Unicode, inda kowanne yake da lambarsa da kowace na'ura ta sani: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253. A Word, in ka buga lambar ka danna Alt da X sai harafin ya fito. Malam dai ya fi jin daɗin bugawa a wayarsa da madannan Hausa na Gboard, ya turo, mu kwafa. Tsohuwar takardar bayanin ma mun gyara ta cikin minti kaɗan, da umarnin nan na nemo alama a musanya ta da wata.

Zubin da muka zaɓa shi ne Andika, na ƙungiyar SIL. Kyauta ne, yana da duk haruffan Hausa manya da ƙanana, an kuma ƙera shi ne musamman domin masu koyon karatu, shi ya sa haruffan a da g ɗinsa suke kama da waɗanda malamin firamare ke rubutawa a allo. Muka kunna zaɓin da ke cusa zubin a cikin fayil lokacin adanawa.

Mai unguwa ne ya kawo zancen ajami. Ya ce dattawan da ke gaba a tabarma, da yawansu ba su yi boko ba amma sun yi allo. Mun gwada bugawa da zubin Alkalami, shi ma na SIL, wanda aka yi shi a kan salon rubutun Kano, kuma yana da kyan gani. Sai dai babu wanda hannunsa ya faɗa da buga ajami a cikinmu, wasulla suna ta kuɓuce mana, kuma in aka haɗa rubutun dama da na hagu a akwati ɗaya sai jerin kalmomi ya hargitse. Muka je wurin wani alaramma. Ya fere alƙalaminsa, ya jawo kurtun tawada, ya rubuta jimlolin 9 a farar takarda, kowace a layinta, yana furta ta a hankali kafin ya ɗora alƙalami. Muka ɗauki hotonsu a inuwa don kada takardar ta yi ƙyalli, muka yanka, muka sa kowace a ƙarƙashin 'yar uwarta ta boko a matsayin hoto.

Murya ita ta fi cin lokaci. Mun fara da na'urar naɗi da ke cikin PowerPoint, muka bari. Makirufon kwamfutar yana kwaso ƙarar fankarta, sannan manhajar ba ta naɗar sauti a daidai lokacin da shafi ke juyawa, in mutum ya ci gaba da magana sai farkon kalmarsa ya yanke. Muka koma waya, amma da manhajar naɗin murya, ba saƙon WhatsApp ba.

Malam ya ce tunda mata ne suka fi cika buhun da hannunsu, a nemi Hajiya, shugabar ƙungiyarsu, ta faɗi matakan, shi ya buɗe ya rufe. A ɗakinta aka ɗauka, bayan isha'i, lokacin da injin markaɗen maƙwabta ya tsaya. Ɗanta ne ya riƙe wayar. An kashe mata layi don kada kira ya shigo, an jingina katifa a bango, kayan sawa na rataye a igiya ta bayanta, su ne suka shanye amsa-kuwwar. Tazarar waya da baki taki ɗaya, a ɗan karkace don kada iskar furta "fa" da "ba" ta buge ta. Kafin kowane mataki a yi shiru na daƙiƙa 5.

Da aka karanta mata mataki na shida yadda muka tsara, "a rufe bakin ledar ta yadda iska ba za ta shiga ba", sai ta girgiza kai. Ta ce, "Malam, ba haka muke faɗa ba. Ku bar ni in faɗa irin namu." Abin da ta faɗa shi ne: "Ki murɗa bakin ledar ciki, ki lanƙwasa shi gida biyu, ki ɗaure tamau. Ki bar ta. Sannan ki kama ta biyu, ita ma haka. Kada ki haɗa su, kowace da igiyarta." Haka aka bar shi.

Kiɗa an cire shi, sai daƙiƙa 6 a shafin buɗewa kafin kowa ya yi magana. A gurbinsa aka sa wani sautin da yake koyar da abu. Manomi da haƙori yake gwada bushewar wake. Muka matso da waya kusa da bakin Malam ya ciji busasshe, ya ba da ƙas, sannan ya ciji mai sauran danshi, wanda ya lotsa ba ƙara. Waɗannan biyun suka shiga mataki na farko, Hajiya na cewa, "Ku saurara. Wannan ya bushe. Wannan kuwa a mayar da shi rana."

A Audacity, manhajar gyaran sauti wadda ita ma kyauta ce, muka nuna wa manhajar shirun daƙiƙa 5 ɗin nan don ta gane ƙarar ɗakin, sannan ta rage ta daga dukkan naɗin. Karon farko na matsa ragewar da yawa, muryar ta koma kamar ta ƙarfe, na sassauta. Muka daidaita ƙarfin fayilolin 9, muka saurare su a jere da irin lasifikar da za a je da ita ƙauye, muka fitar da su a MP3 mai hanya ɗaya, kilobit 64 a daƙiƙa. Minti 6 gaba ɗaya, kusan megabait 3. Sunayensu 01 zuwa 09. Kowace murya aka saita ta ta tashi da kanta da zarar shafinta ya buɗe, aka ɓoye alamar lasifikar, aka kuma saita shafin ya juya bayan tsawon muryarsa da ƙarin daƙiƙa 2.

Nuwamba: daga majigi zuwa waya

Kafin a kai shi ko'ina muka gwada shi a kwamfutar aron, da majigin aron, a ajin da aka yi nuni na biyu, ni ina bencin baya. Ya tafi daga farko har ƙarshe babu wanda ya taɓa linzami.

A nunin da ya biyo baya mutane suka fara cewa a tura musu. Mataimakin ya buɗe fayil ɗin a wayarsa don ya gani, manhajar wayar ta yi watsi da zubin da muka cusa, ta sa nata, layuka suka karye, murya kuma ta ƙi tashi da kanta. Sai muka fitar da darasin a matsayin bidiyon MP4, abin da PowerPoint ke yi tun fitowar 2013, a mafi ƙanƙantar girma, 480. A bidiyo, rubutu ya zama hoto, murya ta manne da shi, ba sauran abin da zai zame. Ya tsaya a megabait 18, ana tura shi ta Xender ba tare da data ba, masu shagon tura fina-finai a kasuwa ma suka karɓa suna sa wa mutane a memori.

Sai masu ƙananan wayoyi na madannai. Domin su muka haɗe muryoyin 9 a fayil ɗin MP3 guda. Da muka saurara ido a rufe, wurare biyu suka fito fili inda Hajiya ta ce "kamar yadda kike gani". Aka koma ɗakinta, aka sake jingina katifar, ta faɗi abin da ake ganin da baki.

Disamba: inda aka tsaya

Zuwa tsakiyar Disamba mataimakin ya haska darasin a ƙauyuka 11, Malam ya halarci 4 daga ciki. Na je biyu. A duka biyun an ba mata buhu bayan nuni, kuma duk wadda na gani ta ɗaure ledojin daban-daban, wata ma tana maimaita "kowace da igiyarta" tana ɗaurawa. A shafin cizon wake ana yin tsit. Dattawan gaba suna karanta ajamin a fili. Tambayoyin da ake yi sun koma na ina ake sayar da buhun na ainihi, nawa ne, kuma za a iya sake amfani da shi baɗi.

Abin da na fahimta daga lamarin

Matsalolin daren farko, duk da su suka fi ba da kunya, su ne ƙanana. Zubin haruffa da ya ɓace da sautin da aka bari a wata folda, gwaji ɗaya a kan kwamfutar da za a haska da ita ya isa ya tona su. Ba a yi gwajin ba saboda komai yana aiki a teburin da aka gina shi, kuma wannan tarkon yana kama ƙwararru ma.

Gyaran gaggawar da na sa hannu a ciki ya gaza ne saboda mun yi maganin abin da ya fito fili mun bar ginin yadda yake. Cire ƙugiya kuwa kuskure ne da ba zan sake yarda da shi ba. Wanda ya fi buƙatar rubutun ya fito daidai shi ne mai rauni a karatu, kuma shi aka yi wa darasin.

Abin da ya juya lamarin, a ganina, shi ne ranar da rubutu da murya suka daina yin aiki ɗaya. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara ya daɗe yana gwaje-gwaje a kan wannan, ya kuma nuna cewa mai koyo ya fi fahimta in aka ba shi hoto da bayanin baki, a kan in aka ƙara masa da rubutun da ke maimaita bayanin kalma da kalma, haka nan kiɗan da ba ya cikin darasi yana rage fahimta. Abin da na gani daga bencin baya ya yi daidai da haka. A darasin ƙarshe murya ce ke ɗauke da bayani, hoto na nuna hannu a kan leda, rubutu kuma turke ne kawai da ake ɗaure matakin a jiki. Zaɓen muryar Hajiya ma ya fi duk gyaran da na yi a Audacity tasiri, domin ta kawo kalmomin da ni da Malam ba mu da su.

Bidiyon yana da nasa raunin. Ba ya jiran mai tambaya, kuma in aka so canza kalma ɗaya sai an koma asalin fayil an sake fitarwa, waɗanda suka riga suka karɓa kuma tsohon ne zai ci gaba da yawo a wayoyinsu. Saboda na farkon, mataimakin yanzu yana tsayar da shi bayan mataki na shida, ya miƙa wa wata buhu da igiya uku ta ɗaure a gaban jama'a, sannan ya ci gaba. Saboda na biyun, Malam ya ware folda guda da ke ɗauke da rubutun matakan, da naɗin asali kafin a taɓa shi, da zubin Andika, da hotunan takardar alaramma, ya kwafe ta a filas biyu. Ita takardar kanta tana cikin jakarsa a leda, ya ce zai koma da ita wurin alaramman idan za a yi na masara.